Mai Littafi da Mai Gari

A ƙarshen watan Agusta, lokacin da kogin Binuwai ya cika ya batse, wasu 'yan kasuwar Jimeta suka haɗa kuɗi suka yi hayar jirgin ruwa mai inji don su kai iyalansu yawon buɗe ido. Shirinsu su gangara Numan, inda Gongola ke haɗuwa da Binuwai, su shiga mota zuwa Lamurde su ga maɓuɓɓugar da ake kira Ruwan Zafi. Tun a bakin gaɓa mai jirgi ya ja musu kunne: tafiya ruwa ne zai tura su, dawowa kuwa gardama zai yi, don haka da la'asar kowa ya kasance cikin jirgi.

A Numan aka haɗa su da ɗan jagora, wani dattijon Bachama mai sandar gora, wanda ya daɗe yana kai baƙi wurin. Cikin tawagar kuma akwai wani saurayi mai karatun ilimin duwatsu a jami'a. Mota na tashi ya karɓe zance.

Ya ce babu wata wuta a gindin maɓuɓɓugar. Ruwan sama ne ke tsiyaya ta tsagogin dutse har can ƙasa, inda zafi ke ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ta zurfi. Idan ya ɗumama sai ya sami wata tsaga ya taso da sauri kafin ya huce. Ya ce kwarin Binuwai kansa tsohuwar ɓaraka ce da ta auku lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, shi ya sa irin waɗannan tsagogi suka yawaita. Ya kawo misalin maɓuɓɓugar Wikki ta Yankari, mai digiri 31, inda mutane ke iyo hankali kwance.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma dattijon ya saurara da kyau. Da suka isa, ya tsai da kowa da sandarsa.

"Kada wanda ya taɓa ruwan nan sai inda na nuna. Mu gangara ƙasa, can ya huce."

"Baba, ai ko tururi babu," in ji saurayin. "Na san irin wannan ruwa."

"Ɗana, ka zo da asuba a lokacin hunturu ka ga tururi. Da rana tsaka ɓoyewa yake yi."

Saurayin bai tsaya ji ba. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya zura ƙafa daidai inda ruwan ke fitowa. Ruwan Lamurde ba na Wikki ba ne, zafinsa ya haura digiri 50. Ya yi ƙara ya zabura, santsin dutse ya kwashe shi, ya faɗi a kan gwiwa. Ƙafar ta yi jawur har idon sawu.

Wata mata ta zaro man shafawa daga jakarta. Dattijon ya ce, "A'a Hajiya, ƙuna ba ta son mai. A kawo ruwan sha." Ya zaunar da yaron a inuwa, ya riƙa tsiyaya masa ruwan sanyi a hankali, gora bayan gora, har raɗaɗin ya lafa. Bai ce masa ai na faɗa maka ba. Daga nan ya kai sauran inda ruwan ya yi nisa da tushensa, ya fara sa bayan hannunsa, sannan ya bar yara su taɓa.

A hanyar komawa saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yafe mini."

"Babu komai, ɗana. Amma ina da roƙo. Shekara da shekaru baƙi na tambayata me ke dafa ruwan nan, ni kuwa sai in ce ikon Allah ne. Ikon Allah ne ɗin, amma yau na ji hanyar da ya bi. Maimaita mini zancen tsagar dutsen, sannu a hankali, yadda zan iya riƙewa."

Har suka iso gaɓar Numan yaron na bayani, dattijon na tambaya.

Saurayin ya san dalilin zafin ruwa, dattijon ya san inda ake sa ƙafa, kuma kowannensu na buƙatar abin da ke hannun ɗayan. Bambancinsu shi ne, wanda ya fi shekaru bai ji kunyar tambaya ba, wanda ya fi karatu kuwa sai da ya ƙone ya koyi saurare. Duk iliminka, idan ka sauka a garin mutane ka tambayi mai gari, domin matambayi ba ya ɓata.