Agogon Babur Da Hantsar Taguwa: Hukuncin Ɓoye Aibi A Ciniki

 Mas'alarmu ta wannan mako ita ce: idan mutum zai sayar da abin hawa na hannu, kuma ya san yana da aibi, amma mai saye bai gani ba, bai kuma tambaya ba, shin halal ne ya yi shiru? Za mu ɗauki misali da manyan baburan nan da Turawa ke kira kuruza, watau masu sirdi kusa da ƙasa da dogon kai da inji mai silinda biyu, irin su Harley-Davidson na Amurka, wanda aka kafa kamfaninsa a 1903, da Yamaha Virago da ya fito a 1981, da Honda Shadow da ya fito a 1983. Irin waɗannan sukan iso ƙasashenmu ne bayan an more su a waje, sun bi hannuwa da dama.

Abin da mai saye yakan fara leƙawa shi ne agogon da ke ƙirga nisan tafiyar da babur ya yi. To, wannan agogo shaida ne, kuma shaida yana iya faɗin gaskiya, yana iya yin zur. Ana mai da lambobinsa baya, ana kuma cire shi ɗungum a ɗaura wani. Da yawa daga tsofaffin babura gurbi biyar kawai agogonsu ke da shi, idan ya kai 99,999 sai ya koma sifili da kansa. Har ila yau babur ɗan Amurka da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa ya ɗara kilomita ɗaya da rabi, saboda haka mil 30,000 ya haura kilomita 48,000. Dillalin da ya karanta wa mai saye wannan lamba da sunan kilomita alhali ya san mil ce, ya yi ƙarya ko da bai taɓa agogon ba. Wannan ha'inci ya yi yawa a Amurka har sai da aka kafa dokar tarayya a 1972 wadda ta haramta taɓa agogon abin hawa, aka kuma ƙarfafa ta da wata a 1986.

Shari'armu ta daɗe da sanin wannan dabara, sai dai da dabbobi ake yin ta a wancan zamani. Mutum yakan ɗaure hantsar taguwa ko tunkiya, ya bar ta kwanaki ba tatsa, domin mai saye ya ga hantsa ta cika ya ɗauka mai yawan nono ce. Malamai suna kiran irin wannan dabba musarrat. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana haka, ya kuma ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa: ko ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya sha. Wata ruwayar Muslim ta ƙayyade zaɓin da kwana uku. Ku lura, mai ɗaure hantsa bai furta ƙarya da bakinsa ba, ya dai shirya alamar da za ta yi masa ƙaryar. Wanda ya mai da agogon babur baya, wannan aikin ya yi, kuma sunansa tadlisi, watau yaudara ta hanyar lulluɓe gaskiyar haja.

Sai mu zo ga wanda bai taɓa agogo ba, amma ya san injin yana shan baƙin mai, ko ya san babur ɗin ya taɓa faɗuwa ƙarfen jikinsa ya lanƙwashe aka miƙar aka shafa fenti. Irin wannan yakan ce, ai kaya ga shi a fili, mai saye yana da ido. Amsarsa tana cikin ƙissar da Muslim ya ruwaito, ta mai sayar da abinci wanda ruwan sama ya jiƙa, ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa busasshen a sama. Annabi ya sa hannu cikin tsibin ya ji danshi, ya tuhume shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a inda mutane za su gani, ya kuma nisanta mai algus daga tafarkinsa. Mutumin nan ba a ce ya rantse wa kowa ba, laifinsa shi ne barin aibi a inda ido ba ya kai. Don haka Ibn Abi Zaid ya jera ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki a littafinsa Risala. A mazhabar Malik kuma, wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa, kuma cewar mai sayarwa wai yadda ka gan shi haka ka saya ba ta kuɓutar da shi daga aibin da ya sani ya rufe.

Wannan bai ɗauke wa mai saye nauyin bincike ba, gama aibin da ya gani ya yarda da shi ba shi da ikon kawo ƙara a kansa daga baya. Kuma ya sani cewa ko agogo ya faɗi gaskiya, nisa kawai ya faɗa, bai faɗi irin riƙon da aka yi wa babur ba. Injin waɗannan babura babba ne mai juyawa a hankali, idan ana canja masa mai a kan lokaci yakan yi doguwar tafiya lafiya. Babur mai shekara 20 da agogonsa ke nuna mil 5,000 kuwa, mil 250 ke nan a shekara, watau ko an taɓa agogon, ko ya daɗe a jingine. Jingina tana da tata ɓarnar: fetur ya lalace ya toshe kafireto, tanki ya yi tsatsa daga ciki, robobi su bushe su fara yoyo, batir ya mutu.

Mai hankali sai ya nemi wasu shaidun su gaskata agogo ko su ƙaryata shi, kamar yadda mai sayen doki yake buɗe baki ya dubi haƙora. Ya nemi a ta da injin a gabansa yana sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye wuyar tashi. Ya dubi salansa, shuɗin hayaƙi alamar ƙonewar baƙin mai ce. Ya dubi robar matakin ƙafa da ta hannu da faifan birki, in sun cinye alhali agogo yana nuna 'yar tafiya, to akwai magana. Ya dubi ƙafafun gaba ko suna tsiyayar mai. Ya karanta lambobi huɗu da ke gefen taya, waɗanda tun shekarar 2000 suke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018, kuma tsohuwar taya takan ƙeƙashe ko da zanenta bai goge ba. Ya gwada lambar jikin babur, wadda tun 1981 take da harafi da lamba 17 a kan na Amurka, da wadda ke cikin takardu. In bai san kan abin ba, ya tafi da bakanike amintacce, kada ya yi cinikin biri a sama.

Mai saye ma yana da nasa algus ɗin. Wani yakan ga babur lafiyayye, ya tabbata an kula da shi, sa'an nan ya fake da yawan lambar agogo ya yi ta kushe shi don ya karya farashi. Tauye wa mutane kayansu yana cikin laifuffukan da Alƙur'ani ya ambata game da mutanen Annabi Shu'aibu. Taya ciniki halal ne, amma ƙirƙirar aibin da ka san babu shi ƙarya ce.

Abin da ya ƙara wa wannan mas'ala nauyi shi ne rai. Wanda aka cuta da taguwa marar nono ya yi asarar dukiya. Wanda aka sayar wa babur mai nauyin kilo 250 ko fiye, da mataccen birki ko lanƙwasasshen jiki, yana iya gano aibin ne a tsakiyar hanya da gudu, watakila da ɗansa a baya. Saboda haka wajibi ne mai sayarwa da dillalinsa su faɗi duk abin da suka sani wanda da mai saye ya ji zai rage kuɗi ko ya fasa. Wanda ya sayo daga waje bai san tarihin agogon ba, ya faɗa a fili cewa haka ya same shi, kada ya rantse a kan lambar da ba a gabansa aka ƙirga ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa gaskiya da bayani suna sa albarka a ciniki, ƙarya da ɓoyewa kuwa suna shafe ta. Allah Ya tsare mu daga cin haram, Ya sa albarka a kasuwancinmu, amin.