Masu Kallon Tsuntsaye da Tambayar Mutanen Gida

'Yan'uwa, akwai waɗansu mutane a cikinmu da sukan tashi tun da asuba, su rataya madubin hangen nesa a wuya, su ɗauki ɗan littafi da fensir, su nufi bakin fadama ko gindin dutse domin su kalli tsuntsaye da namun jeji. Ba su riƙe baka ko danƙo, ba su kuwa komowa gida da nama. Abin da suke kawowa shi ne jerin sunaye: balbela goma, zalɓe biyu, cilakowa ɗaya a kan tsamiya. Duk wanda ya taɓa zama da su bayan sun gama yawo, sa'ad da rana ta ɗaga aka nemi inuwa aka kwance ƙunshin ƙosai, zai lura cewa zancen tsuntsaye ba ya kai rabin hirarsu. Sauran duk zancen gida ne. Wannan yana tambaya ko an sallami yaron daga asibiti, wancan yana so ya ji ko an gyara rufin da ya yi yoyo bara, wata kuma tana ba da labarin yadda kuɗin makaranta ya tashi da yadda mudun masara ya ƙi sauka.

Wannan hira tana da masu suka iri biyu. A cikin masu kallon kansu akwai waɗanda suke ganin surutu ne kawai, suna cewa aiki ya kawo mu, wanda yake da zancen gida ya bari sai ya koma gida. A waje kuma akwai masu ganin cewa fitar gaba ɗaya ɓata lokaci ce, musamman a wannan zamani na tsadar rayuwa. Tambayar da muke so mu yi tunani a kanta ta shafe mu duka, ko da ba mu taɓa riƙe madubi ba. Abotar da ta tsiro daga sha'awar abu ɗaya, abota ce ta gaskiya? Wane aiki kuma tambayar mutanen gida take yi a cikinta?

Bari mu fara da sanin waɗannan mutane. A ƙasar Amurka, a ƙarni na 19, akwai al'adar cewa ranar Kirsimeti maza sukan rabu kashi biyu su shiga jeji, kashin da ya fi kashe tsuntsaye da ƙananan dabbobi shi ya ci gasa. A shekarar 1900 wani masanin tsuntsaye mai suna Frank Chapman, na birnin New York, ya ba da shawara a riƙa ƙidaya tsuntsayen a maimakon kashe su. Mutum 27 ne suka amsa kiran a wurare 25, kuma har wa yau ana wannan ƙidaya kowace shekara. A Ingila, tun 1979, ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB takan roƙi jama'a su zauna awa ɗaya a ƙarshen watan Janairu, su rubuta tsuntsayen da suka sauka a lambun gidajensu, dubban ɗaruruwan mutane kuwa sukan yi haka. A nan Nijeriya an kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a Laminga, kusa da Jos, a shekarar 2001. A ƙarshen 2015 aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka yanka ƙasar gida gida, kowane gida kamar kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa kai su shiga su yi aƙalla awa biyu suna rubuta abin da suka gani da abin da suka ji. Dausayin Haɗeja da Nguru kuma yana cikin wuraren da akan ƙidaya tsuntsayen ruwa a watan Janairu, sa'ad da agwagin Turai suke hutun sanyi a can.

Ga masu cewa wannan wasan masu hali ne, amsar ba ta da nisa. Kakanninmu masu lura da tsuntsaye ne tun kafin a ƙera madubi. Manomi yakan ga shamuwa ta komo daga kudancin Afirka ta fara gyara sheƙa a bishiyar tsakar gari, ya san damina ta ƙarato, ya fiddo iri ya kai fartanya maƙera. Lura kuma tana da amfani ga jama'a. Da can babu mahauta ko kasuwar da ba ta da ungulu. Yau yara da yawa sun girma ba su taɓa ganinta ido da ido ba, saboda guba da cinikin sassan jikinta, har a 2015 ƙungiyar duniya mai kula da halittu, wato IUCN, ta sa ta cikin waɗanda suke dab da ƙarewa. Waɗanda suka riƙa ƙidaya shekara da shekaru su ne suka iya nuna cewa abin da tsofaffi suke zato gaskiya ne. Saboda haka fitar ba banza ba ce. Amma amfanin aikin bai amsa tambayarmu ta abota ba tukuna.

Masanin nan na ƙasar Girka, Aristotal, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Almasihu, ya kasa abota kashi uku. Akwai ta amfani, irin wadda take tsakanin mai saye da mai sayarwa. Akwai ta jin daɗi, irin ta waɗanda wasa ɗaya ko sha'awa ɗaya ta haɗa. Akwai kuma wadda mutum yake so wa abokinsa alheri saboda shi abokin kansa. Ya koyar cewa biyun farko ba su daɗewa, gama da zarar amfanin ko daɗin ya ƙare su ma sun ƙare. Idan muka auna ƙungiyar masu kallon tsuntsaye da wannan mudu, dole mu yarda cewa a kashi na biyu take farawa. Abin da ya tara su gauraka ce da dinya, da yawansu kuwa ba su san juna ba kafin ranar fitarsu ta farko. Babu laifi a cikin wannan, domin kusan kowace abota da wani ƙaramin dalili take farawa: aji ɗaya, rijiya ɗaya, layi ɗaya a kasuwa.

Gwajin yana zuwa ne ranar da ɗaya daga cikinsu ya kasa fita. Ido yakan raunana, gwiwa takan ƙi hawan dutse, kuɗin mota yakan gagara, ciwon mata ko na miji yakan ɗaure mutum a gida wata shida. A ranar nan sha'awar da ta haɗa su ba ta da abin da za ta yi masa, gama tsuntsayen suna nan, sauran abokai ma suna iya ci gaba ba tare da shi ba. Idan ƙungiyar ba ta taɓa sanin sunan matarsa ba, ba ta san unguwar da yake ba, to zai ɓace daga cikinsu shiru, bayan 'yan watanni a manta da shi. Idan kuwa kowace Asabar an saba tambayarsa mutanen gida, an san 'yarsa tana shirin jarrabawa, an san mahaifiyarsa tana fama da hawan jini, to akwai hanyar da za a bi a je wurinsa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ƙafa kuwa ba ta zuwa gidan da ba ta sani ba. Ashe hirar nan da waɗansu suke kira surutu, ita ce take fid da abotar daga kashi na biyu ta kai ta na uku.

Har ila yau, kallon tsuntsaye da kansa yana koya wa mutum abin da abota take bukata. Mai kallo yakan koyi yin shiru, ya koyi jira, ya koyi sauraro fiye da gani, domin sau da yawa kunne yake fara gane tsuntsu kafin ido. A duwatsun Filato akwai wani ɗan jan tsuntsu wanda masana ba su san iri ne dabam ba sai a 1998, sa'ad da Robert Payne, wani masani daga Amurka, ya bayyana shi. Akwai kuma wani ɗan baƙin tsuntsu a wurin wanda ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwansa a sheƙar jan. Ɗan da aka ƙyanƙyashe a can yakan tashi da kukan waɗanda suka rene shi, har mai kunne ya saurare shi ya faɗi gidan da ya girma. An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka mutum ma yake ɗauke da gidansa a cikin muryarsa, ko ya so ko bai so ba.

Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a gare mu saboda yadda gaisuwarmu take. In an ce mana yaya gida, amsar ita ce lafiya lau. In an ce yaya gajiya, mu ce babu gajiya. Ko wanda ya kwana a bakin gadon asibiti haka zai amsa, domin kunya da mutunci sun hana shi zuba damuwarsa a gaban jama'a. Wannan ladabi ne mai kyau, ba ma so ya ɓace. Sai dai yana ɗora wa mai tambaya nauyi: ya saurari yadda aka faɗi kalmar, ya lura ko wanda ya saba dariya yau ya yi shiru, ya jira har a rage su biyu a hanyar komowa kafin ya sake tambaya a hankali. Mai ƙidayar tsuntsaye ya san cewa rashin ganin abin da aka saba gani shi ma labari ne. Abin kunya ne mutum ya lura cewa bana shamuwa ta yi jinkirin mako biyu, amma bai lura abokinsa ya yi wata biyu bai zo ba.

Akwai wani gefen maganar da bai kamata mu tsallake ba, wato gidan mai kallon kansa. Duk sa'ad da wani ya fita da asuba, akwai wanda ya rage a gida yana ɗiban ruwa, yana wa yara wanka, yana jiran mai gyaran famfo. Sau da yawa matar ce, wani lokaci mijin, wani lokaci babbar 'ya. Kuɗin madubi da na mota ma daga tukunya ɗaya suke fitowa da kuɗin cefane. Adalci ya bukaci a yi shawara kafin a fita, a kuma ba wanda ya rage nasa lokacin hutu, ya je inda ransa yake so. Mutumin da zai iya tsayawa awa biyu bai motsa ba saboda burtu, amma ɗansa ya zo masa da labarin makaranta ya ce yana sauri, ya koyi haƙuri a jeji ya bar shi a can. Magani ɗaya mai sauƙi shi ne irin abin da mutanen Ingila suke yi a Janairu. A zauna a tsakar gida da yara, a ajiye kaskon ruwa a gindin bishiya lokacin bazara, a ƙidaya kurciya da tsattsewa da hankaka tare. Yaron da ya yi haka da ubansa ba zai yi kishin tsuntsaye ba.

Dole kuma mu yi gargaɗi game da hirar kanta, gama tsakanin tambayar lafiya da tsegumi tazarar kaɗan ce. Masu kallon da suka san aikinsu suna da ƙa'ida: ba a matsa wa tsuntsu a kan sheƙarsa, in kuwa an ga sheƙar wanda ya yi ƙaranci, ba a yayata wurin, domin kada masu kamawa su ji. Sirrin gidan aboki ya fi sheƙa bukatar wannan kariya. Wanda ya gaya mana cewa bashi ya kama shi, ko ɗansa ya shiga shaye-shaye, ko shi da matarsa ba su magana, ya ba mu amana ne domin mu taimaka ko mu yi shiru tare da shi. In muka kai labarin wurin na uku da sunan tausayi, mun ci amanar, kuma daga ranar kowa a ƙungiyar zai koma amsa lafiya lau ya rufe bakinsa.

Abin da muka faɗa game da masu kallon tsuntsaye ya shafi kowace ƙungiya da muke ciki: ta mawaƙa, ta zumuntar mata, ta matasa, ta adashe, har da 'yan ƙwallo. Kowacce wani aiki ne ya tara ta, kowacce kuma tana da wanda ya daina zuwa ba a tambaya ba. Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu kada su yi gaggawar yanke gaisuwa domin a shiga ajanda. A bar wa tambayar gida lokacinta. Mai rubuta sunayen waɗanda suka zo ya duba kuma waɗanda ba su zo ba, a ba mutum biyu aikin zuwa gidajensu kafin taro na gaba, ko da hannu wofi ne, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Masu fita jeji kuma, in sun komo, su ba mutanen gidansu irin kunnen da suka ba tsuntsaye da safe.

Allah ya ba mu idon lura da juna, ya kuma sa salama a gidajenmu. Amin.