Sababi, Sharaɗi da Abin Hanawa: Tsohuwar Motar da Ke Ƙin Tashi da Zafi

Tsofaffin motoci masu kafureta suna da wata lalura da aka san su da ita. Mota za ta tashi da bugu ɗaya da sassafe, ta yi doguwar tafiya lafiya lau, amma da an kashe ta na minti goma ko ashirin sai ta ƙi tashi har sai injin ya huce. Abin ɗaure kai shi ne, zafi na cikin abubuwan da injin fetur ke buƙata kafin ya yi aiki daidai. Wannan ya taɓo tambayar da malaman tauhidi da masana falsafa suka daɗe suna tattaunawa: idan abu sababi ne na samuwar wani abu, ta yaya shi ɗin zai koma dalilin rashinsa?

Aikin kafureta shi ne gauraya fetur da iska kafin su shiga cikin inji. Fetur ba ya kamawa da wuta yana ruwa, sai ya zama tururi ya cakuɗu da iska bisa ƙima, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai idan aka auna da nauyi. A jikin kafureta akwai ɗan kofi da mai ke taruwa, da kuma maƙogwaro mai tsukewa inda iska ke ƙara gudu ta zuƙo man daga kofin. Idan mai ya yi yawa ƙwarai ko ya yi kaɗan ƙwarai, tartsatsin fulogi ba zai kunna komai ba.

A lokacin sanyi, matsalar ita ce ƙarancin zafi. Fetur ba ya saurin zama tururi, shi ya sa ake jan cok a rage iska don mai ya ƙaru. Haka kuma, zaman mai tururi yana sanyaya maƙogwaron kafureta, har ƙanƙara na iya kamawa a ciki idan iska na da laima, ko da garin bai kai sanyin daskarewa ba. Saboda haka masu ƙera motoci suka riƙa kai wa kafureta ɗumi da gangan. Volkswagen Beetle tana da bututun da ke ɗauko zafin hayaƙin inji ya ɗumama hanyar da mai ke bi, ƙananan jiragen sama masu kafureta kuma suna da abin da matuƙi ke ja don ya tura iska mai ɗumi a ciki.

Bayan an kashe inji mai zafi kuwa, al'amarin yakan juya. Fanka ta tsaya, ruwan lagireto ya daina zagayawa, iskar hanya ta yanke, sai zafin da ƙarfen inji ya tara ya hau sama ya mamaye kafureta, kamar yadda tukunyar ƙasa ke ci gaba da tafasa bayan an sauke ta daga murhu. Fetur cakuɗe ne na sinadarai da yawa: masu sauƙi cikinsu suna fara tafasa tun wajen digiri 40 a ma'aunin Selsiyos, masu nauyi kuma sai kusan digiri 200. Man da ke cikin kofi yakan tafasa ya malala cikin inji ya jiƙa fulogai, ko ya ƙafe ya bar kofin wayam. Wanda ke cikin bututu kuma yakan zama tururi, famfon mai na jikin inji ya kasa jawo shi, domin ruwa aka ƙera shi ya ja. Direbobin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna sun san irin wannan yanayi, musamman a bazarar Sakkwato da Maiduguri inda zafin gari kaɗai ke haura digiri 40.

Malaman usulul fiƙhu suna da rabe-raben da ke warware wannan ƙulli. Sun bambanta sababi da sharaɗi da abin hanawa. Mallakar nisabi sababi ce ta wajabcin zakka, cikar shekara sharaɗi ce, bashi kuma, a mazhabar Malikiyya, yana hana wajabcin zakkar kuɗi. Hukunci ba ya tabbata sai sababi ya samu, sharaɗi ya cika, abin hanawa ya kau. Idan aka auna inji da wannan mudu, haɗuwar tartsatsi da cakuɗen mai da iska shi ne sababin tashi. Zafi gwargwado sharaɗi ne. Zafin da ya wuce ƙima, ko ya sauka a wurin da ba a buƙatarsa, ko ya zo a lokacin da mai ba ya gudana, abin hanawa ne. Ashe ba a yanke wa zafi hukunci da sunansa kawai, sai an tambayi yawansa da wurinsa da lokacinsa.

A bayan wannan akwai tambaya mai zurfi game da haƙiƙanin sababi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna ta a littafinsa Tahafutul Falasifa da misalin wuta da auduga. A ganinsa, ido yana ganin ƙonewa ta faru a lokacin da wuta ta taɓa auduga, amma ba ya ganin cewa wutar ce mai aikatawa da kanta. Allah ne ke halittar ƙonewar, Ya kuma gudanar da al'ada a kan haka. Ibn Rushd na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya mayar da martani a Tahafutut Tahafut cewa musun sabubba musun ilimi ne, domin da ɗabi'unsu da ayyukansu ake sanin abubuwa. Duk da wannan saɓani, dukansu sun yarda sababi na iya samuwa sakamako bai biyo baya ba idan wani abu ya shiga tsakani. Gazali da kansa ya kawo misalin mutumin da ya shafe jikinsa da wani ma'adini mai kare zafi ya shiga tanderu bai ƙone ba. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490 kuma aka daɗe ana karanta littattafansa na aƙida a zaurukan ƙasar Hausa, ya kira irin wannan sani hukuncin al'ada: alaƙa tsakanin abu biyu da maimaituwa ta tabbatar, tare da yiwuwar saɓawa.

Aikin bakanike gaba ɗayansa a kan hukuncin al'ada ya ginu, kuma gyaran wannan lalura ya nuna haka. Ba a neman kawar da zafin inji, ana kawar da abin hanawa ne. Akan sa faifan da ba ya ɗaukar zafi tsakanin kafureta da jikin inji, a nisanta bututun mai daga hanyar hayaƙi, a daidaita tsayin man da ke cikin kofi, ko a sa famfon lantarki kusa da tanki don ya turo mai maimakon ya zuƙo. Idan mai ya riga ya malala, sai direba ya danne totur har ƙasa ya riƙe yana ba da wuta, domin iska ta share rarar man. Wanda ya yi ta famfa totur, abin da ke taimakawa a safiyar hunturu, ƙara jiƙa fulogai yake yi. Ƙwararren bakanike kuma ba ya tsayawa a kan zato ɗaya, tunda kwayil ko sitatar da suka ɗau zafi suna iya kawo irin wannan alama.

Al'adar kanta tana canzawa idan sharuɗɗanta suka canza. Zuwa wajen 1990 sababbin motoci a Amurka sun koma tsarin fesa mai da ƙarfin matsi, wanda ba ya barin fetur ya tafasa a bututu cikin sauƙi. Yawancin fetur ɗin da ake sayarwa can a yau yana ɗauke da kashi 10 cikin 100 na itanol, wanda ke ƙara masa saurin zama tururi. Motar da aka ƙera a shekarun 1960, ko da ba a taɓa komai a jikinta ba, tana iya fuskantar lalurar da ba ta tsananta haka a zamaninta ba. Ga mai bin Ibn Rushd, wannan shaida ce cewa kowane sinadari yana aiki bisa ɗabi'arsa. Ga mai bin Gazali da Sanusi, shaida ce cewa babu wani sababi da ke cin gashin kansa. A aikace kuwa, ɓangarorin biyu sun ɗora wa mutum nauyi ɗaya: ya riƙi sababi, ya binciki sharuɗɗansa, ya nemi abin da ke hana shi aiki kafin ya yanke hukunci.