Wasan Yara Ba Wasan Yara Ba Ne

Idan ana so a nuna cewa wani al'amari ba shi da nauyi, sai a ce wasan yara ne. Wannan magana ta zauna daram a bakin jama'a, har ta zama ma'aunin da ake auna duk abin da ya shafi ƙananan yara da shi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan budurwa ko saurayi daga gidan masu bi a Gombe ya sanar da iyayensa cewa yana so ya ba da rayuwarsa ga nazarin yadda hankalin yaro yake girma, da yadda yake wasa yana suranta abubuwa a zuci, iyayen su ji jikinsu ya yi sanyi. An sayar da hatsi da awaki, an ci bashi domin biyan kuɗin makaranta, ana sa zuciya ga likita ko lauya ko injiniya. Tambayar da take a zuciyar irin waɗannan iyaye ta cancanci amsa: ya dace mai bi ya ƙare shekarunsa a jami'a yana binciken abin da kowa yake ɗauka ɓata lokaci ne?

Abin da yaro yake yi sa'ad da yake wasa

Duk wanda ya zauna da yamma a ƙofar gida a Bolari ko Tumfure ya ga abin. Yaro ya hau karan dawa ya ce doki ne. Yarinya ta goya 'yar tsana, tana tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani. Wani lokaci a kife turmi, ɗaya ya hau ya zama fasto, sauran su zauna a jere su zama zumuntar mata, har da mai karɓar baiko.

Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, ya yi lacca a kan wannan a shekarar 1933. Ya lura cewa ranar da yaro ya mai da sanda doki, ya yi babban tsalle a tunani, gama ya raba ma'anar abu da abin kansa. Irin tsallen nan ne zai sake yi ranar da malami ya zana baƙi a allo ya ce wannan zane sauti ne, ko ya rubuta 5 ya ce awaki biyar ne. Ya kuma nuna cewa wasan kwaikwayo cike yake da dokoki. Yaron da ba ya iya zama minti biyu a wuri ɗaya, idan aka naɗa shi mai gadi a cikin wasa, sai ya tsaya ƙyam, domin mai gadi ba ya barin ƙofa. A nan yake fara koyon kamun kai, ba da bulala ba, da son ransa.

Akwai kuma shaidar da aka auna da lissafi. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, tsakanin 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Waɗansu daga cikinsu an riƙa kai musu ziyara sau ɗaya a mako har shekara 2, ana koya wa iyayensu mata yadda za su yi wasa da hira da su, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan wajen shekara 20 aka sake neman su. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a yi musu ziyarar wasan ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Ba a kashe dukiya mai yawa ba. Abin da aka bayar shi ne lokaci da lura.

Shin wannan ba koyon ƙarya ba ne?

Wasu iyaye masu tsoron Allah sukan damu da wani gefen. Yaron da ya ce yashi tuwo ne, ashe ba ƙarya yake koyo ba? Amsar tana cikin abin da ya sa ƙarya ta zama zunubi, wato nufin ruɗin wani. A wasa kuwa babu wanda aka ruɗa. Yarinyar da ta miƙa wa ƙanenta tuwon ƙasa ta san yashi ne, shi ma ya sani, shi ya sa yake kai hannu baki ya tauna iska. Kakanni sun gane wannan bambanci tun da daɗewa, gama mai tatsuniya yakan rufe labarinsa da jingina ƙaryar a wuyan Gizo, domin yara su san an fito daga duniyar labari an dawo gida.

Littafi Mai Tsarki bai ƙi wannan baiwa ba. Sa'ad da Dawuda ya yi zunubi, annabi Natan bai fara da zargi ba. Labarin wani matalauci da 'yar tunkiyarsa ya ba shi, sarki ya suranta abin a zuciyarsa, ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa (2 Sama'ila 12). Ubangiji Yesu ya yi koyarwa da misalai, yana sa masu ji su ga mai shuka da ɗan da ya ɓata da idon zuci. A Matiyu 11:16-17 ma ya kwatanta mutanen zamaninsa da yaran da suke wasan biki da wasan makoki a kasuwa, abin da ya nuna ya tsaya ya dube su da kyau. Umarnin da ke cikin Ibraniyawa 13:3, na tunawa da ɗaurarru kamar tare aka ɗaure mutum da su, ba ya cikuwa sai ga wanda ya iya sa kansa a matsayin wani. Yarinyar da take rarrashin 'yar tsana tana horar da zuciyar da gobe za ta ji ciwon maƙwabciyarta.

Gaskiya ne Farawa 8:21 ya shaida cewa tunanin zuciyar mutum yana karkata ga mugunta tun daga ƙuruciya. Zuciyar da take suranta alheri tana iya ƙulla makirci. Amma harshe ma haka yake, ba a kuwa yanke shi. Horar da shi ake yi.

Inda rashin sani yake yin ɓarna

Akan sami yaro yana hira shi kaɗai da wani abokin da babu mai ganinsa, har ya raɗa masa suna, ya ajiye masa wuri a tabarma. A gidaje da yawa tsoro yakan shigo nan take, a fara zancen aljanu ko maita. Marjorie Taylor ta Jami'ar Oregon a Amurka, tare da abokan aikinta, sun ruwaito a 2004 cewa kimanin kashi 65 cikin 100 na yaran da suka bincika sun taɓa yin irin wannan aboki kafin su wuce shekara 7, bincikenta kuma ya nuna yawancinsu sun san sarai cewa su suka ƙirƙiro shi. Inda babu wannan sani, ana iya dukan yaro marar laifi, a hana shi abinci da sunan azumi, a manna masa sunan da zai bi shi har girma. A jihar Akwa Ibom abin ya yi muni har a 2008 aka kafa dokar da ta haramta laƙaba wa yaro maita. Masanin da zai zauna da fasto da iyaye ya bambanta musu wasa na lafiya da ciwon da yake bukatar likita, hakika yana tsare ƙananan da Almasihu ya yi kashedi mai tsanani kada a sa su tuntuɓe.

Wa zai yi nazarin yaran Gombe?

A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam, ya tarar kusan kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu daga Amurka da Turai da ƙasashe irinsu suke. Marigayi Farfesa Bame Nsamenang na ƙasar Kamaru ya yi shekaru yana jan hankali a kan wannan giɓi, yana nuna cewa yaron Afirka yana girma a hannun yayye da kakanni da maƙwabta, yana koyo ta wurin aike da goyon ƙanne, kuma ba daidai ba ne a auna shi da mudun wata ƙasa.

Gombe kuwa tana sauyawa da sauri. Tun da ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba 1996, filayen da ake langa da gaɗa a cikin farin wata sun zama gidaje masu katanga, babura sun cika lunguna, wayar hannu ta karɓi gurbin kaka mai tatsuniya. Ana sa yaro ɗan shekara 3 a benci yana haddace baƙaƙen Turanci daga safe har rana, iyaye suna murna domin littafi ya cika da rubutu. Me wannan yake yi wa yaron da yake jin Tangale ko Tera ko Waja a gida, Hausa a unguwa, Turanci a aji? Ba baƙo ne zai amsa wannan ba, sai ɗan gida da ya san harsunan ya kuma sami horo.

Hanyar tana nan. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe tana horar da malamai tun 1977. An kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, ta Tarayya da ke Kashere kuma a 2011, ga Jami'ar Jos da ta Ahmadu Bello a Zariya domin masu neman zurfafawa. Sai dai hanya ce mai tsawo: digiri na farko, na biyu, sa'an nan na dakta, da albashin da ba ya yin arziki, da jinkiri irin na yajin aikin malaman jami'a na wata 8 a 2022. Wanda zai bi ta sai ya zauna ya yi lissafi tukuna, iyalinsa kuma su san cewa ribar ba a aljihu za ta fi bayyana ba.

Nauyin da ke kan mai wannan kira

Friedrich Froebel, wanda ya kafa makarantar da ya kira lambun yara a Jamus a 1840, ɗan fasto ne, ya kuma ɗauki renon yaro a matsayin hidima a gaban Allah. Mai bin da ya shiga wannan fage yana da irin nauyin nan. Ba zai mai da yaran mutane tsanin hawa muƙami ba. Zai nemi izinin iyaye, ya rufa wa gidaje asiri, ya faɗi abin da ya gani ko da bai yi daidai da abin da ya zata ba. Zai kuma tuna cewa iliminsa yana bayyana yadda yaro yake girma ne, amma dalilin darajar yaro yana wani wuri dabam: an halicce shi cikin siffar Allah.

Sa'ad da annabi Zakariya yake kwatanta Urushalima da Ubangiji zai maido, bai ambaci kasuwa ko rundunar yaƙi ba. Tsofaffi ya gani zaune a dandali da sandunansu, da 'yan maza da 'yan mata cike da tituna suna wasa (Zakariya 8:4-5). Idan haka Allah yake auna salamar birni, to, ikkilisiyar da ta bar wa yara fili da inuwa a harabarta ba ta yi asarar ƙasa ba, uban da ya durƙusa ya karɓi tuwon ƙasa daga hannun 'yarsa bai zubar da girmansa ba, iyayen da suka sa wa ɗansu albarka ya tafi nazarin wasan yara kuma ba su tura shi aikin banza ba.