WARIN DA AKE ƁOYE WA MAƘWABCI: NASIHA A KAN NOMAN WIWI CIKIN ƊAKA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Maganarmu ta wannan mako a kan wata al'ada ce da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka, watau shuka tabar wiwi a cikin ɗaka. A shekarar 2013 ƙasar Yurugwai ta yarda kowane gida ya shuka har tushe 6. Kanada ta bi sahu ranar 17 ga Oktoba, 2018, ta ce tushe 4 ga kowane gida, ko da yake lardin Kwibek ya ƙi yarda, kuma Kotun Ƙoli ta ƙasar ta tabbatar masa da ikon hanawa a 2023. Jamus kuwa daga 1 ga Afrilu, 2024 ta ba kowane baligi damar tushe 3. A wasu daga cikin waɗannan ƙasashe akwai Musulmi masu ɗimbin yawa, cikinsu har da 'ya'yanmu da suka tafi neman ilmi ko neman abinci, kuma labarin abin da ake yi can yana iso wa samarinmu ta wayar da ke aljihunsu.

To, babban abin da ke damun masu wannan noma shi ne wari. Saboda shi aka sami kasuwa sukutum ta sayar da matatun gawayi da fankoki da sauran kayan tsare iska, ana ta tallarsu, ana cewa da su mutum zai yi nomansa maƙwabci bai ji ba, mai gidan haya bai sani ba. A kan wannan alkawari muke so mu tsaya, mu auna shi da ma'aunin addini.

Ya kamata mu fara sanin inda warin yake fitowa. Furen macen wannan tsiro yana fitar da wani danƙo, a cikin danƙon nan ne sinadarin da ke juyar da hankali yake, kuma a cikinsa ne mayukan da ke tashi da wari suke. A shekarar 2021 wasu masu bincike a Amurka suka gano cewa ɗoyin nan mai kama da na bodari yana zuwa ne daga wasu sinadarai masu farar wuta, watau kibiritu, dangin waɗanda ke cikin tafarnuwa, kuma suna ƙaruwa ƙwarai a makonnin ƙarshe na fure. Ashe ke nan wari da maye gida ɗaya suka fito. Duk sa'ad da shukar ta kusa biya wa mai ita bukatar da ya shuka ta dominta, a lokacin ne take ƙara ɗaga murya tana tona shi.

Wannan dangantaka da tafarnuwa abin lura ce ga mai hankali. Tafarnuwa da albasa halal ne, ba mai jayayya. Duk da haka ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya ci su ɗanye ya nisanci masallaci, kuma a ruwayar Muslim ya bayyana dalili, cewa abin da ke cutar da 'yan Adam yana cutar da mala'iku. Idan warin abinci na halal ya isa ya hana mutum shiga sahu, ina ga warin abin da ke gusar da hankali?

Hukuncin wiwi kuwa malamai sun daɗe da gama magana a kansa. Ba a san shanta ta yaɗu a zamanin limaman mazhabobi huɗu ba, shi ya sa ba su yi magana a kanta ba. Ta bazu a Masar da Sham wajen ƙarni na 7 na Hijira, da sunan hashisha. Ibnul Baiɗar, masanin tsirrai wanda ya rasu a 1248, ya gan ta ana shukawa a lambunan Masar, ya kuma bayyana yadda take lalata hankalin masu yawan amfani da ita. Shaihu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya wanda ya rasu a 1285, ya sa ta cikin abubuwan da ke ɓata hankali, ya ce mai shanta a yi masa horo gwargwadon ganin alƙali. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ɗauke ta daidai da giya, ya ce a tsayar wa mai shanta haddi. Zarkashi na Shafi'iyya ya wallafa littafi guda a kan haramcinta. Saɓaninsu a kan irin horon ne kawai, amma ba wanda ya halatta a sha ta don a bugu. Abin da likita ya rubuta na magani, kamar wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara, wannan babi ne dabam, yana da sharuɗɗansa na lalura, kuma ba a tukunyar ɗaki ake samunsa ba.

Wani zai ce, ai dokar ƙasar da nake zaune ta yarda. Lalle ta yarda, kamar yadda ta yarda da giya da caca da riba. Dokar ƙasa tana iya ɗauke wa mutum tsoron ɗan sanda, amma ba ta da ikon mayar da haram halal. Musulmi yana bin dokar inda yake zaune cikin abin da ta hana, sa'an nan ya bi Ubangijinsa cikin abin da ta ƙyale. A Nijeriya ma dai ba a kai ga wannan tambaya ba, domin tun dokar soja ta 1966 noman wiwi babban laifi ne, kuma a 1989 aka kafa hukumar NDLEA don yaƙi da shi da sauran miyagun ƙwayoyi.

Yanzu mu zo ga maƙwabci. Tun kafin majalisun biranen Amurka su fara karɓar ƙarar wari, fiƙihunmu ya san cewa hanci yana da hakki. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda malamanmu ke karantarwa a zaurukansu, an ambaci cewa alƙali yana hukunta a hana hayaƙin da ke cutar da maƙwabta, kamar na gidan wanka, da wari kamar na majema. Ibnur Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen gini, ya yi bayani a kan cutar hayaƙi da wari da ƙara. Tushen duka shi ne ƙa'idar nan da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wadda ta hana cuta da cutarwa. Jima sana'a ce ta halal mai albarka, amma ba a yarda majemi ya kafa ta a jikin katangar wani ba. Kuma Annabi ya yi rantsuwa har sau uku yana kore cikar imani ga wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba.

To, a nan mai shuka zai ce, ai shi ya sa na sayi matata, don kada in cuci kowa. Muna cewa, rage cutar maƙwabci abu ne mai kyau, ba za mu kushe shi ba, domin laifi ɗaya ya fi biyu sauƙi. Amma fa matata iska kaɗai take tacewa. Ba ta kawar da danshin da ke cin bango yana haifar da fumfuna a gidan da aka ba ka amana ba. Ba ta kawar da haɗarin gobara daga manyan fitilun da ke ci sa'o'i masu yawa kullum ba. Ba ta rufe idon yaron gida wanda ya ga ɗakin da aka kulle, ya kuwa san abin da ke ciki, ya tashi yana ganin uba na sallah da rana yana ban ruwa da dare. Maƙwabcin da ya fi kowa kusa shi ne iyali, su kuwa a cikin gidan suke.

Sa'an nan sai mutum ya tambayi zuciyarsa gaskiya: don tausayin maƙwabci aka sayi kayan nan, ko don kada asiri ya tonu? A hadisin Nawwasu ɗan Sam'ana, wanda Muslim ya ruwaito, an ba mu alamar zunubi, cewa shi ne abin da ke kai da kawo a ƙirji, mutum kuma ya ƙi jinin mutane su gane shi. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 108, Allah Ya zargi masu ɓuya daga mutane alhali ba su jin kunyar Allah, Shi kuwa Yana tare da su a lokacin da suke ƙulla abin da bai yarda da shi ba cikin dare. Wanda ya kashe kuɗinsa, ya ɓata dararensa yana toshe kowace kafa don kada hancin ɗan Adam ya ji, ya mai da Allah mafi ƙanƙantar masu kallonsa. Ba a rufe rana da tafin hannu.

Kada kuma a fahimci cewa muna kira a fito da saɓo fili. Addini yana son sutura, har ya zo cewa ana sa ran afuwa ga al'ummar nan duka in ban da masu bayyana saɓonsu. Amma sutura iri biyu ce. Akwai ta wanda ya zame ya faɗi, kunya ta kama shi, ya rufe bakinsa, ya koma ga Allah. Akwai kuma ta wanda ya zauna ya yi lissafi, ya sayo kayan aiki, ya shirya yadda zai dawwama a kan laifi ba tare da an gane ba. Shuka ba tuntuɓe ba ce. Watanni take ɗauka, kowace safiya sai an duba ta, kowane ban ruwa kuwa sabunta niyya ne. Wannan shi malamai ke kira dagewa a kan zunubi, shi ne kuwa ke mai da ƙarami babba.

Haka kuma wanda ya taimaka yana da nasa kaso. A game da giya an la'anci mutum goma, har da mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Saboda haka mai aikin lantarki da aka kira ya ja waya alhali ya san abin da za a yi, da mai gidan da ya kau da kai don an ƙara masa kuɗin haya, su yi wa kansu hisabi.

Shi kuma maƙwabcin da wari ya iso masa, akwai ladabin da ya hau kansa. Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane, kuma Imamu Gazali ya faɗa cewa bai halatta mai hani da mummuna ya riƙa shinshina ƙofar mutane don ya ji warin giya ba. Kada ka bi bango kana neman laifi, kada kuma ka yanke hukunci da zato, domin hanci yana kuskure. Amma idan abu ya bayyana da kansa, ya shigo maka ɗaki, to ka sami mutumin a keɓe, ka gaya masa da taushin murya, ka nuna masa kana jiye masa tsoron Allah da lafiyarsa. Kada ka kai maganarsa majalisa. In ya ƙi ji, cutar kuma ta ci gaba, kana da hakkin kai kuka ga mai gida ko ga hukuma. In kuwa shan ya riga ya kama shi, to mara lafiya ne, a taimake shi ya ga likita, kada a bar shi da gori.

Annabi ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turare, wanda ko bai ba ka ba za ka tashi da ƙanshi, ya kwatanta mugun aboki da mai zuga-zugi, wanda ko bai ƙona maka tufa ba za ka tashi da ɗoyi. Kowane gida ɗaya ne daga cikin biyun nan ga maƙwabtansa. Wanda yake son ya rabu da warin nan har abada, hanyar a fili take, ba ta kuma cin ko kwabo: ya tumɓuke shukar, ya buɗe tagogi iska ta shiga, ya nemi gafarar wanda ya cutar, ya yi alwala ya fuskanci Ubangijinsa. Ƙofar tuba a buɗe take muddin rai bai kai ga maƙogwaro ba.

Allah Ya tsare mana hankulanmu da zuriyarmu, Ya sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau, Ya ba mu ikon kiyaye hakkin maƙwabta, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.