Ina Idon Sawun Madatsar Tiga?

A Kadawa da Kura da Bunkure, in ka ce ruwa na Allah ne, babu mai musa maka. Sai dai na lura wanda ya fi saurin faɗar haka shi ne mai injin da aka kama ya jefa tiyo a babbar kanal da tsakar dare. Mai fangali a wutsiyar layi, wanda albasarsa ke yaushi yana jiran ranar rabonsa, shi bai cika wa'azi ba, zagi yake yi. Gonata a tsakiyar layi take. Ragowar na gabana nake sha, na bayana kuma ragowata yake jira, don haka maganar ta shafe ni ta kowace fuska: wanda ruwa ya fara biyowa ta ƙofarsa, ina iyakar haƙƙinsa?

Shari'a ba ta bar mu a duhu ba. A Madina, Zubairu ɗan Awwamu ya yi jayayya da wani mutum daga cikin Ansar a kan ruwan da ke gangarowa daga Harra zuwa gonakin dabino, Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa na sama ya fara shayarwa, sannan ya sakar wa maƙwabcinsa. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo hukunci a kan kwaruruka biyu, Mahzur da Muzainib, inda aka sa ma'auni: a riƙe ruwa har ya kai idon sawu, daga nan na sama ya saki wa na ƙasa. 'Yan gaban layi sun haddace rabin farko na wannan hukunci, har suna kafa hujja da shi a taron ƙungiyarmu ta masu amfani da ruwa. Rabi na biyu ne ke shige musu duhu.

Akwai kuma wani sharaɗi da na ji a zaure lokacin da muke karatun Muhtasar na Shehu Halilu, wanda a lokacin ban ga abin da ya haɗa shi da rayuwata ba. Na sama yana da fifiko ne in shi ya riga raya ƙasa. In na ƙasa ne ya riga shuka, wani ya zo daga baya ya sari gona a samansa, zuwan baya ba ya ƙwace haƙƙin wanda aka tarar.

To, a ɗauki wannan sharaɗi a auna mu da shi, mu mutanen Kano. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A 1992 aka ƙara ta Challawa a wajen Ƙaraye. Koguna biyun da aka datse su ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya ratsa Wudil da Ringim, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da na Jama'are, ya zama Komadugu Yobe, ya wuce Gashuwa, ya bi iyakar Nijar har Tafkin Chadi. Tun kafin a haifi kakan wanda ya zana Tiga, mutanen can suke rayuwa da ambaliyar damina. Ruwa ya malale, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa, in ya janye a bi laimar da wake da sauran amfani, Fulani kuma su sauko da shanu. Su suka riga mu. Mu ne 'yan zuwan baya da suka sari gona a sama.

Abin da ya same su kashi biyu ne, kuma na biyun ya fi ban haushi. Ambaliyar da suka saba da ita ta ragu, wannan kowa ya sani. Amma ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara ya hana hanyoyin ruwa bushewa da rani, sai ciyawar kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyi, ruwa ya kwanta a gonar da ba a bukatarsa, ya kasa isa inda ake jiransa, tsuntsayen jan baki kuma suka mai da ita gida suna fita suna cinye shinkafa da gero. Ka ga ba yawan ruwa kaɗai ne haƙƙi ba, har da lokacinsa.

Ba na cikin masu cewa da ba a gina Tiga ba. An gama ta ne mutane na fitowa daga farin da ya kashe dabbobi ya kori ƙauyuka a 1973. Wanda ya ga manyan motoci na lodin tumatir a Kwanar Gafan zuwa Legas, ko ya ji ƙarar injinan gyaran shinkafa a Kura, ya san bakunan da ruwan nan ke ciyarwa. Birnin Kano ma daga kogunan nan yake sha, kuma a fiƙihu ƙishin mutum da na dabba suna gaba da ban ruwan gona. Da kuɗin Tiga na aurar da 'ya'yana. Amma cin moriyar abu ba ya mayar da shi halal ɗinka kai kaɗai.

Nan ne batun kuɗin ruwa ke shigowa. Wasu abokan nomana suna ƙin biya, wai sayar da ruwan kogi haramun ne. Ni ina biya, kuma ban ga laifinsa ba, don ba ruwan nake saya ba, ladan kanal ne da ƙofofi da masu yashe su. Zakka ma ta san da wahalar jawo ruwa, shi ya sa mai jigo da mai inji rabin ushiri ke kansu, mai ruwan sama kuwa cikakke. Abin da nake tsoro shi ne ɗaya ɓangaren, wato mutumin da ya biya ya ɗauka rasit ɗinsa ya saye kogin. Sai ka gan shi ya buɗe ruwa a shinkafa ya tafi kasuwa, ruwan ya cika ya tumbatsa ya bi hanya, alhali na wutsiya yana hayar inji yana tsotso daga magudanar da ke kwashe ragowa. Rasit bai sayi haƙƙin maƙwabcinsa ba, balle na masuncin Nguru da ba a tambaye shi ba ranar da aka datse kogin.

Mutum ɗaya yana iya duba ƙafarsa ya ga inda ruwa ya kai. Madatsa ba ta da ƙafa, sai an yi mata ma'auni da gangan, kuma wannan aikin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne tare da jihohin da kogin ya ratsa. Abin da nake ganin ya fi kusa da hukuncin Mahzur shi ne a saki ruwa mai yawa a Agusta da Satumba, lokacin da fadama ke jiransa, a kuma bar wasu hanyoyin su bushe da rani don kacalla ta mutu. Hakan yana nufin wata shekarar za a ce mana mu rage shinkafar rani mu koma alkama, ko a hana faɗaɗa fili. Na faɗi haka a taron ƙungiyarmu ta masu amfani da ruwa, 'yan gaban layi suka ce in fara ragewa daga tawa gonar. Bana rabinta alkama ce.