Wa Ke Bin Mai Kallo Bashi?

Akwai wani ɗan shago da na sani a Garki, cikin Abuja, a ƙarshen shekarun 1990, wanda faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Tun daga ƙasa har rufi kwalayen kaset ne a jere, na Hausa a gefe guda, na Indiya da na Amurka a ɗaya gefen, na Kudu kuma daf da ƙofa. A kan teburin mai shagon akwai wani babban littafi mai baƙin bango, inda yake rubuta sunan wanda ya karɓi kaset haya, da lambar gidansu, da ranar da zai mayar. Kwanakin baya na bi ta wurin na tarar caja da rigunan waya ake sayarwa. Rashin kaset ɗin bai dame ni ba, domin kowane zamani da kayansa. Littafin nan ne ya tsaya mini a rai, shi ne kuma ya haifar da tambayar da wannan maƙala ke son dubawa: idan abin da mutum ke mora ya zama ba a mayar da shi, ba kuma wanda ke jiransa, shin akwai sauran haƙƙin da ya rage a wuyansa?

Kallon fim a ƙasar Hausa ya daɗe yana ƙaura, kuma kullum ƙaurar tasa daga waje zuwa ciki take. A zamanin Turawa majigi ne a dandali, gari guda a gaban farin ƙyalle guda. Daga nan sai gidajen silima irin su Plaza da Eldorado da Marhaba a Kano, waɗanda jama'a ba su ɗauke su wurin zuwan mutumin kirki ba, balle matar aure. Bidiyo ne ya shigar da fim cikin gida. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sannan finafinai irin su Sangaya a 1999 suka cika kasuwa, sai ga matan da ba su taɓa taka ƙofar silima ba sun zama su ne manyan masu kallo. Amma ba kowane gida ke iya sayen kowane kaset ba. A wannan giɓin ne shagon haya ya tsiro.

A Kano ko Katsina ba abin mamaki ba ne mai shago ya ba yaro kaset ya tafi da shi, tunda ya san ubansa ya san kakansa. Abuja daban take. Gari ne na baƙi, wanda gwamnati ta tare a cikinsa a ranar 12 ga Disamba, 1991, ma'aikata suka biyo ta daga Legas da Kaduna da Inugu, kowa da harshensa, maƙwabci bai san asalin maƙwabcinsa ba. Duk da haka, a Garki da Wuse da Nyanya da Kubwa, mutum kan miƙa wa wanda bai sani ba kayan da ya fi kuɗin hayarsa tsada nesa ba kusa ba, bisa alkawarin gobe kawai. Galibi kuma goben takan zo da kaset a hannu.

Malaman fiƙihu sun ce hannun mai haya hannun amana ne: ba ya biyan abin da ya lalace a wurinsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Mu yaran wancan lokaci ba mu karanta wannan a littafi ba, a aikace muka koye shi. Ka san dole ka tariyo kaset zuwa farko kafin ka mayar, domin wani zai karɓa bayanka, wanda ba ka sani ba kuma ba zai taɓa gode maka ba. Ka san in zaren ya tsinke, ko dai ka faɗi gaskiya ko ka liƙe shi ka yi shiru, kuma zuciyarka ta san bambancin biyun. Ban manta da daren da aka ɗauke wuta kaset yana cikin bidiyo ba, aka kwana biyu ba a dawo da ita ba. Mahaifina bai yarda a aiki ƙanena da uzuri ba. Ni da na karɓo ya sa na je da ƙafata na yi bayani, na kuma biya kuɗin kwanakin da suka hau daga kuɗin tarata. A lokacin na ɗauka tsanani ne kawai irin na dattawa.

A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa ta Mutumin Kirkii da aka buga a 1974, ya lissafa amana da haƙuri da kunya cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. Abin lura shi ne ukun nan duk sun ratsa ta shagon haya. Haƙuri, domin sabon fim kaset ɗaya ko biyu ne a shago, sai ka yi sawu uku ana ce maka yana hannu. Kunya, domin abin da ka ɗauko a falo za a sa shi, gaban uwa da ƙanne da 'ya'yan maƙwabta da suka cika ƙofa, mai shago ma ya ga abin da ka zaɓa ya rubuta shi da sunanka.

Sai dai kada begen jiya ya rufe mana ido. Shagon da ya koya mana amana shi kansa a kan wani rashin adalci ya ginu. Mai shago ya sayi kaset ɗaya, ya ba da shi haya har zaren ya gaji, wani lokaci ma ya kwafi na biyu da na uku a bayan kanta, alhali wanda ya sayar da filinsa ya shirya fim ɗin bai ga ko sisi daga wannan ciniki ba. Masu shirya fim sun sha kuka da masu haya da masu satar fasaha tun kasuwar Ƙofar Wambai da ta Bata suna ganiyarsu. Ke nan muna kiyaye haƙƙin wanda muke gani a bayan tebur, muna take na wanda ba mu gani. Wannan ya sa nake shakkar ko abin da muke kira amana a lokacin amana ce tsantsa, ko kuwa rabinta ganin ido ne da tsoron littafi mai baƙin bango.

Yadda shagunan suka mutu sananne ne. Faifan CD ya ture kaset, arharsa ta sa saye ya kusa daidai da haya. Tashoshin tauraron ɗan'adam suka zo, Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kuma kawo shirye-shirye irin su Daɗin Kowa. Masu tura fim suka kafa tebur da kwamfuta a bakin kasuwanni, suna zuba wa mutum finafinai a memori, har da na Indiya da aka fassara da Hausa. Zuwa 2020, Izzar So a YouTube jama'a ke bin sa mako-mako. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba: kamfanin Blockbuster na Amurka, wanda ya taɓa mallakar shaguna kimanin 9,000, ya durƙushe a 2010, kamfanin Funai na Japan kuma ya daina ƙera na'urar bidiyo a 2016.

Mai kallon yau ya samu abin da ba mu samu ba, kuma ba daidai ba ne a raina shi. Ba ya jira, ba ya roƙon kowa, yarinyar da a da sai abin da yayyenta maza suka ɗauko za ta gani yanzu ita ke zaɓa wa kanta. Wanda ya kalli fim a tashar mai shi a YouTube ma ya fi mai haya na da kusa da biyan haƙƙi, tunda wani abu na tallace-tallace yana komawa ga wanda ya yi wahalar. Amma an ɗauke masa dukkan shaidu. Ba mai shago, ba na bayansa da ke jira, ba uwa a gefen kujera da za ta yi gyaran murya in waƙa ta yi tsawo. Masu iya magana kan ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. To, ina ga idon da ba wanda ke ganinsa?

A nan ne nake ganin tambayar ta juya. Ina jin bashin bai faɗi ba, mai karɓarsa ne ya ɓace daga gani. Har yanzu akwai wanda ya ci bashi ya shirya fim ɗin da aka turo maka kyauta ta WhatsApp, akwai kuma ɗan da ke zaune kusa da kai wanda ya kamata a ce kun ga abu ɗaya kun yi gardama a kansa. Bambancin shi ne a da tsarin ciniki ne ke tilasta maka tuna wani, yanzu kuwa sai in kai ka ga dama. Watakila ma sai yanzu ne za a iya sanin wanda ke da amana da gaske, tunda littafin ya tafi. Amma fa hali ba ya tsirowa sai da horo, kuma mu a kan ƙananan abubuwa irin tariyo kaset aka hore mu, ban kuwa ga abin da ya maye gurbinsu ba tukuna.

Na gwada faɗa wa ɗalibaina wannan a aji, muna cikin darasin wasan kwaikwayo. Na tambaye su wa ya taɓa mayar da fim bayan ya gama kallo. Suka dubi juna. Can sai wata daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a mayar wa wa?"